Yadda Ake Mayar da Tsohon Keke Mai Kafaffiyar Giya da Kuɗi Kaɗan

Wani tsohon keken tsere na gwanjo ya yi shekaru a jingine a zauren gidanmu, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa, giya ta daina shiga. Da na kai shi wurin mai gyara, ya lissafa mini abin da za a saya: sabuwar na'urar canja giya, wayoyinta, da firiwil mai hawa shida. Na duba kuɗin, na duba keken, sai na ce a cire su duka a bar mini giya ɗaya. Shekara uku ke nan ina hawansa, kuma ban da mai da faci babu abin da ya ci mini.

A keken da muka saba, idan ka daina taka feda ƙafar baya tana ci gaba da gudu, kana jin ƙarar nan ta tik-tik-tik. Firiwil ne ke yin wannan. A kafaffiyar giya, wadda matasan Turai da Amurka ke kira fiksi, babu firiwil. Sifroket ɗin baya, ɗan farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, a ɗaure yake da cibiyar ƙafar, wato hob, don haka muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, in ka taka baya kuma keken baya zai yi. Ba sabon abu ba ne. Irinsa ake tsere da shi a zagayayyen filin tseren keke, kamar wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003. Gasar Tour de France ma, da aka fara a 1903, sai a 1937 ta yarda mahaya su yi amfani da na'urar canja giya. Kafin nan wanda ya iso gindin dutse sauka yake ya kwance ƙafar baya ya juya ta, don ya sami sifroket mai sauƙi da ke ɗaya gefen.

Duba keken kafin ka kashe ko kwabo

Juya keken ya tsaya a kan sirdi da kan keke, ka dubi tsagar da aksul ɗin baya ke shiga. Idan tsagar doguwa ce a kwance, ta yadda za ka iya matsar da ƙafar gaba ko baya kamar santimita 2 zuwa 3, kekenka ya dace. Idan gajera ce mai kallon ƙasa, kamar ta yawancin kekunan dutse da sababbin kekunan tsere, ka haƙura ka nemi wani. Da matsar da ƙafar baya kaɗai ake jan sarƙar wannan keke ta yi daidai. Wani zai ce maka a bar na'urar giya ta riƙa jan sarƙar. Kada ka yarda: ranar da ka taka baya da ƙarfi, ƙarfin zai bi ta ƙasan sarƙa ya nannaɗe na'urar ya cusa ta cikin sifok.

Kekunan tsere na ƙarfe na shekarun 1970 da 1980 kusan duk suna da doguwar tsaga. Haka manyan kekunanmu na gargajiya masu taya inci 28, irin Phoenix na Sin, da Hero da Avon na Indiya, da Raleigh, wanda har a Kano aka taɓa harhaɗa shi. Waɗannan ma sun fi sauƙin aiki, tunda dama giya ɗaya gare su, sai dai nauyi.

Sai ka duba firam. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma tsagewa kusa da wuyan keke ko inda bututu ya haɗu da bututu, ko cokalin gaba da ya lanƙwashe baya saboda karo, duk alamar ka bar shi ce.

Abu na uku, ka tabbata firiwil ne mai ɗauri a bayan, ba kaset ba, wato haƙoran da ake zurawa a jikin hob ba ɗaurawa ba. Cire ƙafar, ka juya haƙoran baya da hannu kana kallon tsakiyarsu, inda makullin cirewa ke shiga. Idan wurin ya tsaya cak haƙora na zagaye shi, firiwil ne, ka ci gaba. Idan yana juyawa tare da haƙoran, kaset ne, hob ɗin ba shi da tiredin da muke nema.

Abin da za ka tanada

Sifroket na kafaffiyar giya mai haƙori 16, 17 ko 18. Zoben kulli, wanda ake ɗaurawa a kan sifroket don kada ya kwance. Sabuwar sarƙa mai kauri ta keke mai giya ɗaya, inci 1/8. Gam ɗin tiredi irin Loctite, wanda masu sayar da kayan mota ke da shi. Giris, kalanzir, tsumma, boris na inci 1/4 guda 18, roban birki sababbi. Na kayan aiki kuma: sifana 15 da 17, siririyar sifana 15 ta kon (notin aksul da ke danne boris), alanki 5, makullin sifok, abin yanke sarƙa, da rula mai milimita. Makullin cire firiwil ba sai ka saya ba, sau ɗaya za ka buƙace shi, mai gyara zai cire maka.

Game da sarƙa: mai kaurin 1/8 tana hawa kowane irin haƙori, amma siririyar ta keke mai giya, 3/32, ba ta hawa sifroket mai kauri. Sayi mai kaurin ka huta, ita ce ma ta fi arha kuma tana ko'ina.

Zaɓen nauyin giya

Raba adadin haƙoran farantin gaba da adadin na sifroket ɗin baya. Tsofaffin kekunan tsere suna zuwa da faranti biyu a gaba, galibi 52 da 42. Ɗauki 42 ka haɗa da 16, ka sami 2.6, kuma da yake kewayen tayar keken tsere kusan mita 2.1 ne, kowane zagayen feda zai kai ka mita 5.5. Wannan ya yi wa gari mai shimfiɗe kamar Kano ko Maraɗi. Mutumin Jos ko Abuja ya sa 17 ko 18 saboda hawa. Kada ka ruɗu da 52 da 16 don kana son gudu. Da shi za ka tashi daga kowace tsayawa, da shi za ka rage gudu, gwiwoyinka kuma su ne za su biya. Babban keke mai inci 28 ka bar shi a kan abin da ya zo da shi, kamar 44 da 18.

Mataki na 1: Sauke kayan da ba a so

Yanke tsohuwar sarƙa, ka kwance na'urar giya ta baya da ta gaba, da hannayen canja giya da wayoyinsu. Kada ka zubar, masu gyara suna saye ko su yi maka musaya da wani abu. Birki biyu kuma ka bar su inda suke.

Mataki na 2: Cire firiwil

Ana sa makullin a cikin firiwil, a matse makullin a bais, sannan a kama taya da hannu biyu a juya ta hagu kamar sitiyarin tirela. Shekarun da aka yi ana taka feda sun ɗaure shi tam, don haka ka ɗiga kalanzir a tiredin tun daren jiya. Firiwil mai haƙori ɗaya na manyan kekuna wani lokaci ba shi da wurin makulli. Shi sai a buɗe murfin fuskarsa da guduma da ƙusa, ana bugawa zuwa dama domin tiredinsa na hagu ne, wato juyin dama ne ke kwance shi, a zubar da boris, a kama gindin da bais. Kuskuren da na ga an yi: mutum ya yanke sifok ya zare hob da firiwil a jiki, yana cewa ya cire daga baya. Ba rim, ba abin da zai ba ka ƙarfin juyawa.

Wanke tiredin hob da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, ka duba shi da kyau. In ya cinye, nemi wata ƙafar.

Mataki na 3: Daidaita layin sarƙa

A nan aikin yake, kuma a nan mafi yawan mutane ke gaggawa. Dole farantin gaba da sifroket ɗin baya su kasance a layi ɗaya. In sun karkace, sarƙa za ta riƙa ƙara, ta cinye haƙora, wata rana ta faɗo. Faɗowar sarƙa a keke mai firiwil ɓacin rai ne kawai. A wannan keken tana iya shaƙe ƙafar baya nan take kana tsakiyar titi.

Fara da gaba. Auna daga tsakiyar bututun da sirdi ke shiga zuwa tsakiyar haƙoran faranti. Hanya mai sauƙi: auna daga gefen bututun, ka ƙara milimita 14, domin kaurin bututun ƙarfe na irin waɗannan kekuna 28.6 ne. Farantin ciki yakan faɗa wajen 41 ko 42, wanda ya yi daidai da ma'aunin kekunan filin tsere, 42. Shi ya sa na ce ka ɗauki na cikin. Idan farantan da ƙusoshi aka ɗaure su, cire babban da alanki 5. Za ka tarar ƙusoshin sun yi wa faranti ɗaya tsawo, sai ka sa washa ko ka goge su da zarto. Idan kuma manne suke da ribit, kamar na kekuna masu arha, bar su duka, ka yi amfani da na cikin. Bai yi kyan gani ba amma yana tafiya.

Sai baya. Ɗaura sifroket da hannu ba gam, kafaɗarsa mai tudu tana kallon sifok. Auna faɗin hob daga notin kulli na dama zuwa na hagu: milimita 120 ne a masu giya biyar, 126 a masu shida ko bakwai. Raba biyu, ka cire tazarar da ke tsakanin fuskar notin dama da tsakiyar haƙoran sifroket. Misali 126 rabi 63, in tazarar 21 ce ka sami 42, shi ke nan. Amma da wuya ka same shi haka da farko, domin an bar fili mai faɗi a dama saboda firiwil, sifroket ɗinka zai zauna can ciki.

Gyaransa: kwance aksul, ka ɗebe zoben tazara da washa daga dama ka mayar hagu, gwargwadon milimitocin da kake nema. Jimillar faɗin ba ta canja ba, hob ne ya matsa dama. Tunda ka buɗe, wanke kofunan da boris ke zama, ka sa sabon giris da sababbin boris tara-tara. Daidaita kon ɗin yadda aksul zai juya lami lafiya ba girgiza, kuma ya leƙo daidai wa daida a gefe biyu. Bambancin milimita 1 ko 2 tsakanin gaba da baya ba laifi.

Idan aksul ɗinka mai rami ne mai maɗaurin hannu, na fi son ka canja shi da cikakken ƙarfe mai noti 15. Yana da arha, ya fi riƙo, kuma ɓarawo ba ya zare maka ƙafa da hannu a bakin masallaci.

Mataki na 4: Dawo da rim tsakiya

Da hob ya matsa dama, rim ma ya bi shi, taya tana neman gogar firam. Sai a jawo shi hagu da sifok. Cire taya da tib, ka ɗiga mai a kan kowane notin sifok ya kwana. Fara daga ramin bawul don kada ka rikice: sassauta kowane sifok na dama rabin juyi, ka zagaye duka, sannan ka ɗaure kowane na hagu rabin juyi. Sa ƙafar a firam ka auna daga rim zuwa ƙarfen dama da na hagu. Maimaita har su zo ɗaya. Kada ka yi juyi uku lokaci guda, rim zai murɗe kamar faifai.

In ba ka taɓa yi ba, wannan ne matakin da ya cancanci ka biya mai gyara, ka zauna kusa da shi kana kallo. Amma ka yi masa bayani sosai, domin shi ya saba miƙe rim ne kawai, ba matsar da shi gefe ba. Ribar aikin ita ce ƙafar ta fi da ƙarfi, tunda yanzu sifok na dama da na hagu sun kusa ɗaukar nauyi ɗaya. Masu babban keke mai giya ɗaya galibi ba sa buƙatar mataki na 3 da na 4, amma su auna dai.

Mataki na 5: Ɗaure sifroket yadda ba zai kwance ba

Hob ɗin da aka ƙera don wannan aiki yana da tiredi hawa biyu: na ciki na dama don sifroket, na waje ƙarami na hagu don zoben kulli. In ka taka baya sifroket ya nemi kwancewa, sai ya ƙara ɗaure zoben. Naka hob ɗin tiredi ɗaya gare shi, na dama, mai layi 24 a kowane inci. Sifroket zai hau daidai, amma babu abin da ya hana shi da zoben su kwance tare. Wannan shi ne raunin hanyar mai arha, kuma gara ka san shi tun yanzu.

Ga yadda ake rage haɗarin. Goge tiredin da fetur ya bushe, kada giris ya taɓa shi. Shafa Loctite, mai launin ja ya fi riƙo amma sai da zafin wuta ake kwance shi. Ɗaura sifroket da hannu har ya zauna. Sa ƙafar a firam, ka sauke sarƙa daga faranti ta kwanta a kan bututun da aksul ɗin feda ke ciki, bayan ka naɗe shi da tsumma. Naɗa ragowar sarƙar a kan sifroket ta hau kanta ta cije, sai ka kama taya ka juya ta baya da ƙarfi. Faɗin taya ya fi kowace sifana tsawo, don haka ka yi da hankali in hob ɗin na alminiyom ne, kada ka cinye tiredin.

Zoben kulli kuma, nemi zoben da ke kulle kofin boris na tsakiyar keke, wurin feda, gefen hagu. Tiredinsu ɗaya da na hob. Sai dai kada ka ɗauko na tsohon Raleigh na Ingila, nasa layi 26 ne, zai fara hawa kamar gaske sannan ya lalata maka tiredi. Shafa masa gam, ka ɗaure, ka ƙarasa da guduma da ƙusa mai faɗin baki. Bar shi awa 24 kafin ka hau.

Ni ban bari ba. Da yamma na ɗaure, bayan magariba na fita gwaji, na taka baya don in burge yaran unguwa, sai na ji feda ta saki ƙafafuna suna juyawa a banza, sifroket ya kwance. Birkin gaba ne ya hana ni shiga kwata.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Idan ka sami ƙafar baya ta keken dutse mai birkin faifai, akwai sifroket mai ramuka shida da ake ɗaurawa a mazaunin faifan, sai a juya ƙafar. Wannan ba ya kwancewa ko kaɗan, sai dai faɗin irin wannan hob 135 ne, ya fi na tsohon keken tsere, kuma sifroket ɗin sai an yi odarsa ta intanet. Ɗayar ita ce ta mai walda, wadda na san da yawa ita za su bi in sifroket ya yi wuyar samu: a wanke firiwil mai haƙori ɗaya da kalanzir, a ɗiga masa walda wuri uku ko huɗu a kowace fuska ya daina juyawa. Yana aiki, amma ka san abu biyu. Kaurinsa yana cinye tiredin duka, ba wurin zobe. In kuma ka ce a haɗa shi da hob ɗin ƙarfe da walda, to a fara cire aksul da boris, a rufe sifok da jiƙaƙƙen tsumma, kuma daga ranar duk sifok ɗin da ya tsinke a gefen dama ba shi da hanyar canji. Ni ba zan yi wa ƙafar da nake so haka ba.

Mataki na 6: Sarƙa

Tura ƙafar kusa da bakin tsaga ta gaba, ka ɗora sarƙa a faranti da sifroket, ka ja bakin biyu su haɗu, ka yanke a gaɓar da ta fi kusa. In ta faɗa tsakani, akwai rabin gaɓa da ake sayarwa. Maƙallin sarƙa, rufaffen kansa ya kalli inda sarƙa ke tafiya.

Ja ƙafar baya, ka ɗaure notin hagu kaɗan, ka daidaita taya a tsakiya, ka ɗaure na dama. Juya feda a hankali ka nemo inda sarƙar ta fi tauri, domin babu farantin da yake zagayayye ɗari bisa ɗari. A wannan wurin ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. In ta yi tauri da yawa za ta kashe boris, in ta yi sako-sako za ta faɗo. Manyan kekuna suna da 'yan ƙusoshin jan ƙafa a ƙarshen tsaga, irin na babur, su ne ke sauƙaƙa wannan.

Kada yatsanka ko tsumma su kusanci sarƙa ƙafar baya na juyawa. Nauyin taya ba ya tsayawa don ya ci karo da yatsa. In za ka sa mai, tsayar da ƙafar, ka juya da hannu kaɗan-kaɗan.

Mataki na 7: Birki da feda

Za ka ga hotunan irin wannan keke ba birki ko ɗaya. Na filin tsere ne, inda kowa ke bin hanya ɗaya ba akuya ba Adaidaita. A Landan, a 2016, wani matashi a kan irinsa mara birkin gaba ya buge wata mata ta rasu, a 2017 aka yanke masa wata 18. Da hob mai tiredi ɗaya, birki biyu za ka bari, ka sa musu sabon roba, ka sake daidaita na baya tunda ƙafar ta matsa. Da birki za ka riƙa tsayawa, ƙafafunka rage gudu kawai za su yi. Wasan ƙame feda a ja taya a ƙasa ka bar wa masu hob na ainihi.

Feda ta kasance mai haƙora da ke riƙe takalmi, in da hali da maɗaurin ƙafa, domin in ƙafarka ta zame a gangara, fedar za ta riƙa dukan ƙwaurinka ba ka da damar mayarwa. Tuna fedar hagu tiredinta na hagu ne. Masu hannun feda mai ƙusar kota, wadda ke riƙe shi a jikin aksul, su buga sabuwa, domin a wannan keken ƙarfi na zuwa mata ta gaba da baya, in ta yi sako-sako nan da nan za ka ji.

Hawa na farko

Nemi fili, kamar filin makaranta ranar hutu ko filin Idi. Naɗe ƙafar wandonka ta dama ko ka cusa a safa, kuma kada ka hau da doguwar riga tana reto, in sarƙa ta kama ba ta saki. Wanda kekensa ke da murfin sarƙa ya mayar da shi.

Cikin minti biyar na farko za ka manta ka daina takawa, keken ya ɗaga ka daga sirdi. Kowa sai da ya sha wannan. Saki ƙafafunka su bi feda. A kwana kada ka kwanta da yawa, domin ba za ka iya ɗage fedar ciki ba, tana iya dukan ƙasa. Haka in za ka hau tudun rage gudu ko ka tsallake rami, sai ka tashi tsaye kana ci gaba da takawa. A gangara riƙe birki tun daga sama, kafin feda ta fi ƙarfin ƙafarka.

Bayan fita biyu ko uku, taka wani hawa da ƙarfi, ka dawo ka duba zoben kulli. In sifroket ya ƙara shigewa ya bar zoben a sake, cire zoben ka sa sabon gam ka sake bugawa. Ja layi da fenti ko jan farce daga sifroket zuwa jikin hob. Duk safiya kafin ka fita ka kalli layin: in ya rabu biyu, sifroket ya motsa, ka tura keken da hannu zuwa wurin mai gyara.